Wai meye amfanin "manzo na musamman" alhali ga ambasada ga minista?

Ɗan_Zango

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar gwamnati ku warware min wannan, gardama ta ƙi ƙarewa a fadarmu. Kullum sai ka ji a rediyo wai shugaban ƙasa ko firaminista ya naɗa manzo na musamman zuwa ƙasa kaza ko kan matsala kaza. Diomaye Faye na Senegal ya naɗa Abdoulaye Bathily a 2024 kan maganar ƙasashenmu na AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, Mahama na Ghana yana hawa a farkon 2025 shi ma ya naɗa nashi, ga Witkoff na Trump yau yana Doha gobe yana Mosko. To ni abin da ban gane ba, ba kowace ƙasa ke da ambasada ba? Ba ga ministan harkokin waje da ma'aikata guda cike da mutanen da suka ƙare rayuwarsu a karatun abin ba? Me wannan manzon zai faɗa wanda ambasada ba zai iya faɗa ba, kuma in abin ya kai haka muhimmanci me ya hana shugaban ya je da kanshi tunda an ce zuwa da kai ya fi saƙo. Wani a cikinmu ya rantse hanya ce kawai ta ba abokai kuɗin misiyo da tikitin jirgi, ni kuma ban yarda duka haka ba ne amma ban da hujjar da zan kare kaina. Ba siyasa na kawo ba fa, sani nake nema.

Mushe_mai_ritaya

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka mai kyau ce, kuma ba sai mun je Mosko ba, amsarta ta faru a gabanmu a watan Agustan 2023.

Fara da bambancin. Ambasada mazauni ne, kafin a tura shi sai ƙasar da za shi ta ce ta amince, ya kai takardunshi hannun shugabanta, ya zauna shekaru yana fama da biza da ɗalibai da 'yan kasuwa da gawar ɗan ƙasa da za a maido gida. Duk abin da ya ji sai ya rubuta wa ma'aikata, takarda ta bi ofis-ofis kafin ta kai ga minista, minista ya ga ko ta cancanci kunnen shugaba. Kuma gobe ma yana nan a garin, don haka dole ya tauna magana kafin ya fitar. Shi ko manzo na musamman saƙo ɗaya ya ɗauko, daga bakin mai aike ya ji shi, kuma in ya dawo babu wanda ke tsakaninshi da mai aiken. Wanda aka je wurinshi ya san haka, ya san abin da ya faɗa da azahar zai kai fadar shugaban can kafin isha'i ba tare da wani darakta ya gyara mishi ba. Wannan shi ne duk jarin manzo.

Zuwa da kai da ka ce, a tsakanin shugabanni yana da tsada. Ka duba yadda muke neman aure, uba ba ya zuwa da kanshi, ƙanenshi ko amininshi yake turawa, don in aka ce a'a akwai sauran fuska da za a sake komawa da ita, in ko uba ne aka maido daga ƙofa to zumunci ya tsinke. Shugaba in ya sauka a filin jirgi aka ƙi ganinshi ƙasarshi duka aka wulaƙanta.

Yanzu lissafa da ni. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da sojoji suka kifar da Bazoum, CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), ta ba da wa'adin kwana 7 a maido shi kan mulki. Ran 3 ga Agusta Tinubu, da ke shugabancin CEDEAO a lokacin, ya turo Janar Abdulsalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, manya biyu da ba a raina su, amma ba su wuce filin jirgin Yamai ba, ba su ga Janar Tiani ba, ba su ga Bazoum ba. Ran 7 ga wata Victoria Nuland ta Amurka ta zo, ita ma Janar Barmou ta samu gani, iyakarta kenan. Sai ran 9 ga wata ga hoton Sanusi Lamido Sanusi zaune da Janar Tiani, tare da Mai Martaba Sarkin Damagaram, alhali a lokacin Sanusi ba ya kan sarautar Kano kuma da bakinshi ya ce ba gwamnati ta aiko shi ba, amma yana komawa ya wuce wurin Tinubu ya faɗa mishi abin da ya jiyo. Ran 12 malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka zo aka karɓe su aka daɗe ana magana. Sai ran 19 Abdulsalami ya dawo, wannan karon ya ga Tiani ya ga Bazoum. Mutum ɗaya ne fa, muƙami ɗaya, takarda ɗaya, me ya canza cikin sati biyu? Zuwan farko da wa'adi a bayanshi ya zo, na biyu kuma waɗanda ba su da takardar komi sun riga sun buɗe mishi ƙofa.

Ka kuma tuna lokacin nan ambasadoji ba su da ta cewa, na Faransa Sylvain Itté ma awa 48 aka ba shi ya fita, ya ƙi, ya zauna a kulle cikin ofishin jakadanci har ƙarshen Satumba. Ƙasar da ta ce ba ta san da gwamnatinka ba ambasadanta ba zai je ya zauna gabanka ba, don zaman kanshi amincewa ne. Manzo kuwa ana iya cewa ai tsohon shugaba ne ya zo a matsayin dattijo, ba a amince ba kuma an yi magana.

Elhaji_Dole

Mushe ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Bayani ya yi amma ni wlh a matsayina na ɗan kasuwa abin da nake tambaya shi ne me aka samu. An zo an zauna an ɗauki hoto an sha ruwa, to sai me? Iyaka ta zauna a rufe tun ƙarshen Yuli har sai 24 ga Fabrairun 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumi, wata bakwai kenan kusan, duk manzannin nan da ka lissafa sun zo sun tafi a cikin watan farko. Mu da ke ɗauko atamfa da shadda daga Kantin Kwari mu muka san me ake ciki, kaya da a da mota ɗaya za ta ɗauko maka daga Kano ta shigo ta Ɗan Barto ka sauke a shago sai ga shi ana kwance dila ana rarraba ta kan babura ana bi ta cikin gonaki da dare, kowane yaro da kuɗinshi, turmin da ka sayo ya iso da ƙura da ƙaya kuma kuɗinshi ya hau, mai saye ya zo ya taɓa ya ce Elhaji ka cika tsada ya wuce. Ga wuta da Nijeriya ta yanke, matan unguwa masu ƙanƙara da zoɓo firiza ta koma akwatin ajiye kwanoni.

Kuma wanda ya samu wani abu a hannu ma ai ba cikin masu hayaniyar yake ba, Togo ce, shugabanta Faure ya yi ta aikinshi shiru shiru har ministanshi Robert Dussey ya zo a Janairun 2024 aka ba shi Salem ɗan Bazoum ya tafi da shi Lome. Na Benin kuma Soglo da Boni Yayi tsofaffin shugabanni biyu suka zo Yamai a Yunin 2024, an karɓe su da mutunci, amma suka koma gadar Gaya da Malanbil na nan a rufe. Bathily fa da na Ghana? AES ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025 ba wanda ya tare ta. Ni dai ina bayan abokin Ɗan_Zango, rabin abin nan yawon jirgi ne da otel.

'Yar_Birni

Baba Elhaji ka yi haƙuri in ɗan saɓa maka, amma kana auna manzo da abin da ba a ba shi ba. Abdulsalami ba shi ya rufe iyaka ba kuma ba shi da makullinta, taron shugabanni ne ya rufe su ne kuma za su buɗe. Abin da za a tambaya shi ne, ana cikin maganar sojoji za su shigo, hafsoshin CEDEAO na ta taro a Abuja da Accra har an ce an tsaida rana, me ya sa ba a shigo ba? Dalilai da yawa ne, sanatocin Nijeriya sun ƙi, mutanen Arewa sun ƙi, Aljeriya ta ƙi, Mali da Burkina sun ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Amma kai da komon nan shi ya ba Tinubu abin da zai riƙe ya ce ana kan magana a dakata. Wani lokacin aikin manzo kenan kawai, ya ja lokaci har zuciya ta huce, kuma irin wannan aikin ba ya fitowa a tele tunda yaƙin da ba a yi ba ba shi da hoto. Mu da muke kilomita ɗari da 'yan kai daga iyaka bai kamata mu raina shi ba.

Ta fuskar doka kuma tunda ita nake karantawa, ambasada yarjejeniyar Vienna ta 1961 ce ke tafiyar da shi, ita ta ce sai an amince da shi kafin ya zo kuma ana iya korar shi ba tare da an faɗi dalili ba. Manzanni na wucin gadi suna da tasu yarjejeniyar ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1969, sai 1985 ta fara aiki kuma ƙasashen da suka shige ta ba su da yawa. Abin da ke cikinta mai muhimmanci shi ne aike ba ya zama aike sai ƙasar da za a je ta yarda, in ba ta yarda ba kai baƙo ne kamar kowa. Shi ya sa ran 8 ga Agusta da tawagar haɗin gwiwa ta CEDEAO da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya ta so zuwa aka ce kar ta zo, ba ta zo ba.

Akwai misalin da ake mantawa da shi. Robert Fowler ɗan Kanada, Ban Ki-moon ya naɗa shi manzo na musamman a Nijar a 2008 kan tawayen MNJ, ƙungiyar 'yan tawayen Abzinawa a arewacin ƙasar, a lokacin da gwamnatin Tandja ke cewa babu wani tawaye 'yan fashi ne da masu fataucin ƙwaya. Ka ga an turo mai sulhu wurin wanda ya ce ba ya faɗa da kowa. Yawancin mutane ba su ma san da aikin nashi ba sai da aka sace shi a Disambar 2008 kusa da Yamai, Alƙa'ida ta riƙe shi kwana 130 a hamada aka sako shi a Mali. Sulhun da aka yi a 2009 ta hannun Gaddafi ya biyo, saboda shi ne kowane ɓangare ke jin maganarshi ko tsoronshi.

Inda nake tare da kai Baba Elhaji shi ne maganar bin diddigi. Ambasada yana da ma'aikata a kanshi, yana da fayil, abin da ya rubuta yana nan ko bayan shekara 30. Manzo na musamman sau da yawa ba wanda ya san me aka aike shi ya faɗa, nawa aka kashe, me ya alkawarta da sunan ƙasa, in mai aiken ya sauka sai komi ya tafi da shi. Ba mu kaɗai ba, Amurka sai da muƙaman nan suka haura 60 har ministan harkokin wajensu Tillerson a 2017 ya nemi a soke da yawa daga ciki, daga baya majalisarsu ta yi doka cewa manzon da ke da babban iko sai ya bi ta gaban sanatoci. A Ingila gwamnati tana da manzannin kasuwanci da take zaɓowa daga cikin 'yan majalisa, kuma can ma ana gunagunin wasu lada ce ta biyayya.

Ɗan_Zango

Na gode Baba Mushe, na gode Yaya. To amma ga inda na ƙara rikicewa, in kusanci da shugaba ne jarin, kenan ko wanda bai san komi ba ana iya tura shi? Witkoff ai dillalin gidaje ne a New York abokin wasan golf ɗin Trump, bai taɓa aikin jakadanci ba, ga shi shi ke zama da Putin. Wannan ba raina ma'aikata ba ne?

Malam_na_Garin_Malam

Bismillah. Ɗan_Zango ka koma Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira. Annabi (SAW) ya fara tura Khirash bin Umayya zuwa Makka, Ƙuraishawa suka soke raƙumin da ya hau, da ƙyar ya tsira. Sai aka nemi Sayyadina Umar ya je, shi da kanshi ya ce ba ni da dangin da za su kare ni a can kuma sun san ƙiyayyar da ke tsakanina da su, a tura Usman. Don me Usman? Don Banu Umayya danginshi ne, yana shiga wani ɗan uwanshi ya ba shi mafaka ya kai shi har gaban manyan gari. Babu mai cewa Umar bai kai ba, amma an duba wa za a saurara a can. Da ya daɗe har aka ce an kashe shi kuma, ai a kan haka aka yi mubaya'a ƙarƙashin bishiya, don taɓa ɗan aike taɓa wanda ya aiko shi ne. Kenan sharaɗi biyu ne ba ɗaya ba, mai aike ya amince da kai, kuma waɗanda za ka je wurinsu su ga fuskar da za su iya buɗe wa ƙofa.

Mu Damagarawa ma muna da namu labarin ta ɗaya gefen. A 1898 Faransa ta turo Kyaftin Cazemajou ya bi ta nan zuwa wurin Rabe a Barno, Sarki Amadu Kuran Daga ya sauke shi, amma fada ta yi lissafin in Nasara da Rabe suka haɗa kai to Damagaram ce a tsakiya, aka kashe shi da tafintanshi. Shekara na zagayowa aka yi yaƙin Tirmini da Faransa, sauran kun sani. Ba ina yanke hukunci kan magabata ba ne, Allah ya jiƙansu, shi ma baƙon ba ziyarar zumunci ta kawo shi ba.

Mushe_mai_ritaya

Malam ya gama rabin amsar, Allah ya saka. Saura in ƙara maka ɗana, kar ka ɗauka rashin takardar makarantar jakadanci shi ne matsalar. Harry Hopkins da shugaban Amurka Roosevelt ya tura wurin firaministan Ingila Churchill a farkon 1941 ba jakada ba ne, mutum ne mai fama da ciwon ciki wanda ya fito daga aikin taimakon marasa galihu, amma Churchill ya san abin da ya faɗa mishi kamar ya faɗa wa Roosevelt ne. George Mitchell sanata ne, Clinton ya tura shi Ireland ta Arewa, ya zauna yana sauraron mutanen da ba sa ko gaisawa shekara da shekaru har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a 1998. A nan gida, Turawan Faransa huɗu da aka sace a Arlit a 2010 suka fito a Oktoban 2013, wanda Issoufou ya sa gaba a maganar Mohamed Akotey ne, tsohon ɗan tawaye kuma tsohon minista, don shi ya san hanya ya san mutanen, wane ambasada za ka tura cikin duwatsun arewacin Mali?

Witkoff ma in za a yi adalci, tsagaita wutar Gaza ta Janairun 2025 an daɗe ana jan ta ba ta ƙulla ba sai da ya shiga tare da mutanen Biden, saboda Netanyahu ya san wannan bakin Trump ne. Illar tana zuwa ne in manzo ya tafi shi kaɗai, ba mai rubuta mishi abin da aka faɗa, ba wanda ya san tarihin rigimar a gefenshi, ya zauna gaban mutum irin Putin da ya shekara 25 yana wannan aikin. Sannan ambasadan da ke garin in ya ji labarin zuwan manzo a rediyo kamar kowa to an kashe shi a tsaye, gobe ba wanda zai ƙara ɗaukar maganarshi a can tunda an gane ba ta kai ko'ina. Na ga irin haka a ƙaramin mataki lokacin ina aiki, a turo wani daga Yamai da takardar misiyo ya kwana biyu ya yi alkawura a gaban hakimai da iyayen yara ya hau mota, mu da ke zaune a wurin mu za a yi ta tarewa a kasuwa ana tambaya ina azuzuwan da aka ce.

Abdulsalami kuma da ake ta ambato, ba a 2023 ya fara mu ba, shi ne mai shiga tsakani na CEDEAO lokacin tazarcen Tandja a 2009, ya yi ta zama da ɓangarorin biyu a Yamai maganar ba ta je ko'ina ba har sojoji suka shigo ran 18 ga Fabrairun 2010. Ko mu ma an ara namu, Issoufou CEDEAO ta naɗa kan Burkina a 2022 kamar yadda ta naɗa Jonathan kan Mali a 2020. Tsofaffin shugabanni ake so saboda sun taɓa zama kan kujerar, soja mai mulki ba zai ce musu ba ku san nauyinta ba.

Elhaji_Dole

Toh Mushe na ji na Akotey kam, wannan aiki ne an gani a ƙasa mutum huɗu sun koma gidajensu. 'Yata 'Yar_Birni ke ma na ji, yaƙi da an yi shi mu za a fara ci Allah ya kiyaye. Amma ni har yanzu a faɗa min nawa ake ba su a rana in sun fita, kuma wa ke sa hannu a takardar kuɗin. Ke da ke karatun doka in kin samo inda aka rubuta shi ki turo mana nan.